Ranar da Na Tsayar da Tahunar Ruwa

Azumin bana ya same mu a tsakiyar zafin Alƙahira, irin zafin da ko bango ka jingina da shi sai ya rama. Tun bayan juyin juya halin da aka yi bara, wutar lantarki ta ɗauki halin baƙon da bai ji daɗin masauki ba: ta leƙo, ta gaisa, ta ce tana zuwa. Jiya bayan la'asar ina kwance ƙarƙashin fanka a ɗakinmu na hawa huɗu a Hayyis Sabi', 'yata Hauwa tana kicin. Tun safe ta jiƙa gero kafin ta tafi aiki, da ta dawo ta zuba shi a ɗan injin markaɗen nan da Misirawa ke ce wa kallat. Ya fara kuka ke nan, sai ɗif. Fanka ta yi juyi uku ta sallama.

"Khalas!" in ji Hauwa. Ta fito da tulun injin a hannu. "Baba, ka gani ko? Tun safe nake goge benen mutane a Muhandisin, na sha metro, na sha mikrobas, na zo in dama maka kunu, su kuma yanzu suka ga dama."

"Ma'alish, yi haƙuri, uwata." Sunan mahaifiyata gare ta, don haka ban taɓa kiran sunan a gabanta ba.

Ta miƙo mini tulun in gani. Geron bai niƙu ba, bai kuma zauna gero ba, ya manne a jikin gilashi. Ƙanshin jiƙaƙƙen hatsi, mai ɗan tsami-tsamin nan, ya bugi hancina. Sai na ji dariya ta kama ni.

"In dai labarin Garba ne, na haddace," ta ce, ta koma kicin.

To, tunda mai gidan ta ƙoshi da shi, bari in ba ku. Wani ɗalibi Bakano ya gaya mini a masallaci cewa azumi yana zagaye shekara, sai bayan shekara talatin da uku yake komawa inda ya taso. Ni karatuna bai wuce Tabbat yada ba, can ɗin ma bulala ce ta raka ni, amma wannan lissafin na yarda da shi ba gardama. Hauwa shekararta talatin da uku, kuma a irin wannan watan aka haife ta, cikin azumi, cikin damina.

Kakanninmu daga ƙasar Haɗeja suka taso da niyyar Makka, a ƙafa, da jakuna. Da suka iso gabashin Sudan, gab da duwatsun Habasha, guzuri ya ƙare, suka ce bari a yi damina ɗaya a noma na hanya. A cikin wannan damina ɗayan aka haifi ubana, aka haife ni. Suka sare daji, suka kori kuraye, suka kafa Hillar Bako, wato ƙauyen Bako, da sunan jagoransu. Ƙasar baƙa ce wuluk. Da rani takan tsage har ƙafar jaki ta faɗa, da damina ta zama laka mai ƙwace wa mutum takalmi ta hana shi. Amma dawa da riɗi, in ta ga dama, sai ka rasa wurin zubawa.

Noma hatsi aikin wata huɗu ne, niƙa shi kuwa aikin kullum. Inna ta ce lokacin da take amarya garin da ƙarar dutsen niƙa yake farkawa, kowace mace a durƙushe, gwiwa ta yi kanta, kafin a ga garin tuwon mutum goma rana ta take. Ana cikin haka wani Bahabashe ya gangaro daga duwatsu da shanu takwas suna jan faffaɗan duwatsu biyu. Ya zauna a gindin tsauni, tsallaken koramar da ta raba mu da ƙasarsu, ya yi rani guda yana haƙa magudana a jikin dutse. Mutane suka ce mahaukaci ne. Da damina ta faɗi, sai ga dutse yana juyawa ba jaki, ba raƙumi, ba hannun kowa, gari na zuba. Larabawa suka ce sunan abin tahuna, mu ma muka ara.

Limamin wancan zamanin ya ce aljanun ruwa ne ke aikin, kuma aljani ba ya yi wa mutum bauta a banza. Mata suka ce garin sanyi gare shi, tuwonsa ba ya kwana. Ɗan mai tahunar, wanda ya gaje ta, sunansa Gabre wani abu mai tsawo, mu muka rage masa hanya muka ce Garba. Shi ya gaya mini cewa a can ƙasarsu ma haka aka yi, malaman cocinsu suka ce aikin Shaiɗan ne, har aka ƙona ta farko. A wajenmu dai ba a ƙona komai ba, domin wadda ta fara kai dawarta a ɓoye matar liman ce.

Aibin tahunar ruwa ɗaya ne, kuma ba laifinta ba ne. Lokacin da korama ta fi cika, hatsi ya fi ƙaranci. Lokacin da hatsi ya cika gari, korama na shirin sallama. Saboda haka da wani ɗan kasuwa ya kafa injin gas a kasuwar Laraba, mai aiki rani da damina, sai kowa ya juya wa Garba baya. Mu samarin lokacin da injin muka tashi. Shi kuwa inji ba ruwansa, busasshe ko jiƙaƙƙe, ka zuba masa ya haɗiye. Dokar da tsofaffi ke faɗa, wai ba a kai wa Garba hatsi mai laima, mun ɗauke ta fi'ilin tsoho ne kawai.

Sai ga daminar nan. Ruwa ya sauka da wuri, ya kuma manta hanyar komawa. Kwana da kwanaki sama a rufe kamar an kifa ƙwarya, tufafi ba sa bushewa, gishiri ya narke a cikin tulu, tabarma ta yi furfura. Hanyar mota ta mutu, motar da ke kawo gas ta nutse a laka har gatari, injin kasuwar Laraba ya yi shiru. Wannan duk mai sauƙi ne. Mu a can mun bar rumbun kakanninmu mun koyi na Larabawa, ramin da ake haƙawa a ƙasa a zuba dawa a rufe, ana ce masa matmura. Ranar da muka buɗe namu, tururi ne ya fara fitowa, sannan wari kamar na mushen jaki. Ruwa ya bi tsagar ƙasa ya shiga. Dawar shekara guda ta zama baƙin kwaɓi, ko kaji suka shinshina suka wuce. Gida nawa aka buɗe, gida nawa aka yi salati.

A haka aka ga wata. Ƙishirwa ba ta dame mu ba, ruwa na sama ruwa na ƙasa. Yunwa ce. Da hantsi a fita gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, ciyawa na tsere da fartanya tana cin mu. Ka sunkuya ka ɗago, sai ka ga taurari da rana tsaka. Mai kiɗan gayya ma ya daina zuwa, ya ce ganga ba ta tashi a kan cikin da babu komai. Da yamma mata su dawo daga bakin daji da tafasa da rama, a dafa da ɗan gishiri, a dama kunun da kana iya hango fuskarka a ciki. A sha ruwa da shi, a yi sahur da abin da ya rage, in ya rage.

Ran tara ga wata matata Rakiya ta haihu, mace. Kafin ita biyu muka binne a bayan kukar gidanmu, duka maza, ba wanda ya kai yaye. Saboda haka ba a yi guɗa da ƙarfi ba, kowa na tsoron kada a ji. Kwana uku, nono ya ƙi zuwa sai ɗigo. Kukan jaririyar da ya fara da ƙarfi ya koma kamar na 'yar kyanwa, sannan ya koma buɗe baki kawai. Inna ta duba idon Rakiya, ta matsa ƙirjinta, ta kira ni waje.

"Tanko, ba ciwo ba ne, yunwa ce. Mai jego sai kunu mai kauri da kanwa, safe da yamma. In aka ƙara kwana biyu a haka, ka je ka share wuri kusa da 'yan'uwanta."

Na ɗauki babbar rigar aurena na kai wa fataken Habasha, suka ba ni masara kwano shida. Masarar tudu ce, ja, tauri kamar tsakuwa. Inna ta yi abin da kowace Bahaushiya za ta yi: ta ɗebi kwano biyar ta wanke, ta jiƙa ta kwana don ta yi laushin daka. Da safe ta ɗauki taɓarya. Inna ta haura saba'in a lokacin, wuyan hannunta ya kumbura tun shekarun dutsen niƙa. Ta ɗaga sau goma, ta zauna a ƙasa tana haki. Da a shekarar lafiya ce, kafin a ce me matan maƙwabta sun kewaye turmin. Amma a wannan daminar kowace tana daji neman ganye, ko tana kwance da zazzaɓi.

"Zo ka karɓi taɓaryar nan," in ji Inna.

"Ni?"

"A'a, kukar bayan gida nake wa magana."

"Inna, duk Hillar Bako an san babu macen da za ta yi daka da ƙarfi a gidan nan. In aka ji saukar taɓaryar ƙato, gobe a gona ba ni da sauran suna."

"'Yarka na shan iska, kai kana gadin suna."

Ina da shekara ashirin da tara, da gashin baki da nake shafa wa mai. Na ce ta bari, tahunar Garba zan kai, kafin la'asar in dawo da gari mai laushin kwalli. Ta ce Garba ba ya karɓar jiƙaƙƙe, kuma rabon da a ga rana kwana shida. Na ce ta bar ni da shi. Na tsane masarar a kwando, na juye a buhu, na ɗauko kwano ɗayan da ba a jiƙa ba na shimfiɗa shi a sama. Har na yaba wa kaina. Ina ganin duk zuriyar Bako ba a taɓa haifar mai wayona ba.

Tafiyar awa uku ce a laka. Korama da safe iyakarta gwiwa, amma kowa ya san halinta: in ruwa ya sauka a kan duwatsu da rana, kafin la'asar takan taso ta tafi da raƙumi da kayansa, kuma sai ta kwana biyu ba ta sauka ba. Na haye, na shiga ƙasar Habasha ba tare da kowa ya tambaye ni takarda ba.

Kafin ka ga tahunar kake jin ta, kuma ba da kunne kake fara ji ba, da tafin ƙafa. Ƙasa na rawa a hankali, kamar akwai wata babbar dabba da ke barci a ƙarƙashi. Da na zagayo tsaunin sai ga ta: 'yar bukkar dutse mai jinkar ciyawa, ta maƙale a gangare. Daga can sama magudana ta biyo jikin tsauni, siririya, ruwan na tafiya a natse kamar mai zuwa masallaci. Da ya iso saman bukkar sai ya faɗa cikin kututturen giginya da aka rarake, ya gangara tsaye, ya ɓace a ƙarƙashin ɗakin. Ta ɗaya gefen ya fito fari fat, yana kumfa, ya koma koramarsa. Bai ragu da ko ludayi ɗaya ba. Ya yi aikin mata hamsin ya wuce abinsa, ko a jikinsa.

Mutum kusan ashirin na samu a layi, Hausawa da Larabawa da Habashawa, kowa da ɗan ƙullinsa, duk waɗanda suka yi shekaru ba su gai da Garba ba. Na leƙa ciki. Dutsen sama, wanda faɗinsa ya kai tabarmar sallah biyu, yana juyawa a kan na ƙasa ba gaggawa. Bisansa an rataye mazurarin katako, da wani ɗan sanda da ke jan ƙafa a bayan dutsen yana kaɗa mazurarin, ƙwas ƙwas ƙwas, hatsi na faɗowa ƙwaya biyar biyar, ba ƙari ba ragi. Gari na fita ta gefe, ɗakin duk hazo, yanar gizo-gizo ma ta yi fari. Garba na tsaye, tsoho dogo, girarsa da gemunsa duk gari. Shi ma azumi yake, nasu na Nana Maryamu, ba ya cin komai sai rana ta karkata.

A gaban layi akwai Iya Gambo, tsohuwa 'yar garinmu mai sayar da daddawa, wadda bakinta ya fi daddawar ƙarfi. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata halin da Rakiya ke ciki.

"Ta ukun ce ko?" ta ce. "Wuce gabana. Nawa jikokin sun iya kuka da ƙarfi tukuna."

Al'adar Garba ya tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu. Ranar ya gaji, tun asuba yake tsaye. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga sama ya ciza, ta ce ƙas, ya tofar, ya yi mini nuni in juye. Na juye da sauri, na tsaya ina kare mazurarin da bayana.

Busasshiyar ta fara sauka. Na tara hannu, gari ya zubo mini a tafi, da ɗumi kamar jikin ɗan akuya. Na ce a raina, Tanko, ka gama da duniya. Sai muryar dutsen ta sauya. Rugugin nan mai daɗi ya koma kamar saniya na tuƙa. Gari ya yanke. Ta gefen dutsen wani farin abu ya fara fitowa, murɗe-murɗe kamar tsutsa. Dutsen ya yi nauyi, ya ja, ya ƙara ja, bukkar duka ta ɗauki kyarma, ƙura na zubowa daga jinka. Garba ya yi wani ihu da yarensu, ya fita a guje kamar yaro, ya haye gangaren ya danna allon da ke kautar da ruwa. Dutsen ya yi rabin juyi ya tsaya.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har kukan tsuntsaye ya dawo.

Garba ya shigo, ya lakaci abin da yatsa, ya shinshina.

"Tanko, kwana nawa ta yi a ruwa?"

"Ruwan sama ne ya ɗan taɓa ta a hanya, Baba Garba."

"Ruwan garinku akwai hankali. Ya tsallake ta sama ya jiƙa ta ƙasa."

Wani ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, domin Garba ya juya ya gaya wa jama'a abin da ke nan. Sai an ɗaga dutse, a kankare, a gasa shi da wuta ya bushe, a sake koɗa shi. A irin wannan laimar, kwana uku. Wani Balarabe ya gyara riƙon sandarsa. Iya Gambo ta taso.

"Ɗan nema! Na ba ka wurina ka saka mini da wannan? Jikoki huɗu na bari suna lasar murfin tukunya! Uwarka mutuniyar kirki, ban san inda ta tsinto ka ba. Ji gashin baki kamar na arziki!"

Ni abin da ke raina ɗaya ne: rigar aure ta tafi, masara ta tafi, ga ta can a manne tsakanin duwatsu biyu, kuma Inna ta ce kwana biyu.

Kafin a ɗaga dutsen sai an buge wani turke a ƙasa, wanda ke riƙe da sandar da ke juya shi. Garba ya miƙo mini guduma. "Wanda ya ɓata shi zai shiga."

Na tuɓe riga, na bi ta inda ruwa ke fita, na rarrafa ƙarƙashin ɗakin. Kogo ne mai sanyi, gansakuka ta lulluɓe bango, ruwa na ɗiga ko'ina. Da idona ya saba da duhun, sai na ga abin da ke aikin. Wata ƙafa ce ta katako, irin ta amalanke, a kwance, kewaye da ita an jera manyan ludaya, baƙaƙe, sun yi santsi saboda shekaru. Bakin kututturen giginyar nan, da ya fara da faɗin tulu a sama, a nan an matse shi ya koma kaurin damtse, yana kallon ludayan. Daga tsakiyar ƙafar sanda ta miƙe ta huda rufi zuwa dutsen. Na bi sandar da ido zuwa ƙasa, in ga a kan me duk wannan nauyin yake zaune. Ƙarshenta ƙarfe ne mai tsini, kuma tsinin yana tsaye a kan wata farar tsakuwa da ba ta fi ƙwan zabo ba. Ya ci mata ɗan rami a ka, kamar cibiya.

Na manta da Balarabe da sandarsa. Dutsen da ƙarti shida ba sa ɗagawa sai da itace, da ƙafar, da sandar, da abincin garuruwa biyar, duk a kan ƙwan zabo suke juyi.

"Ka mutu ne?" Garba ya leƙo ta wata kafa a sama.

"Baba Garba, wannan 'yar tsakuwar fa?"

"Ubana ya tsince ta a korama. Ita ce ta uku tun da aka gina. Kada ka taɓa ta, ta fi ka amfani."

Allon da ya danna yana ɗan yoyo. Wani siririn ruwa ya zubo ya cika ludayi ɗaya, sai na ga ƙafar ta motsa da kanta, ta ja da baya, ta ƙara motsawa, kamar mai numfashi. Na fahimci limamin da ya ce aljanu ne, ban kuma ga laifinsa ba. Na buɗe baki na ce Subhanallahi, ɗigo biyu suka faɗa ciki. Na rama wannan azumin bayan salla, don kada a tsaya dogon bayani ran gobe.

Na buge turken na fito. Muka sa itatuwa, mu shida, muka ɗaga dutsen muka jingina. Fuskokin duwatsun an tsaga musu layuka kamar kunyoyin gona, kowace kunya ta cika dam da masarata. Iya Gambo ta ɗauki sakaina ta fara kankara, tana ci gaba da karanta mini tarihin gidanmu. Tana cikin zagin kakana na uku sai ta yi shiru. Ta murza abin tsakanin yatsu. Ta ƙara murzawa.

"Kai, wannan ai ƙullu ne," ta ce. "Ko ni da ƙuruciyata ban taɓa niƙa mai laushinsa ba."

Ta juye dawarta a zane, ta mai da ƙwaryarta wurin tara ƙullun. Ta bi kunyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko na lasar ƙuda ba, ta rufe da faifai ta ɗaure da ɗankwalinta. Daidai nan aka yi tsawa a kan duwatsu. Garba ya fita ya dubi sama, can ƙololuwa ta yi baƙi ƙirin.

Balaraben ya ce ba inda za ni sai na koɗa dutsen da na ɓata, wasu suka ce gaskiya ne. Gaskiyar ce kuwa. Amma in na tsaya, korama ta rufe, kwana biyu ke nan.

"Ruwa ya sauka a sama," in ji Garba. "Kana da awa ɗaya. Tafi. In korama ta bari, ka dawo da hannuwanka biyu."

"In bai dawo ba fa?" in ji Balaraben.

"Na san ɗakin da aka yanke masa cibiya," in ji Iya Gambo. Ta ɗora mini ƙwaryar a ka da kanta. "Yi gudu, shashasha. In ka zubar, ka bi shi."

Na iske korama ta fara sauya launi, ja kamar kunun kanwa, tana tafe da rassa. Inda na haye da safe a gwiwa, yanzu ruwa ya kawo mini ƙirji, yana jan ƙafafuna kamar mai bina da gaba. Hannu biyu na kan ƙwarya, don haka ba abin da zan kama sai sunan Allah. Ina taka tudun tsallake na waiga, sai ga wata bishiya sukutum da saiwoyinta ta bi ta inda na fito.

Na isa gida rana na gab da faɗuwa. Inna ta buɗe faifan, ta dube ni.

"Gari na aike ka."

"Garba ya ce mai jego ƙullu ya fi dacewa da ita."

"Kai dai ko da azumi bakinka ba ya hutawa."

Ta tace, ta dama da kanwa, mai kauri har ludayi na tsayawa. Rakiya ta sha tana hawaye, ban sani ba na zafin kunun ne ko na me. Washegari ta sha safe da yamma. Rana ta biyu na dawo daga duba korama, na shigo gida ban ji ko ɗan kukan kyanwar nan ba. Na tsaya a bakin ƙofa, na kasa ɗaga labule. Sai na jiyo wani ɗan sauti daga ciki, ƙwat, ƙwat, ƙwat. Na leƙa. Tana manne da uwarta, ta dunƙule hannu, farin nono na gangarowa ta gefen bakinta.

Da korama ta sauka na koma. Na iske Garba ya gasa duwatsun, ya ajiye mini makoɗin ƙarfe. Kwana biyu ina saran dutse, ɓarɓashi na shiga fatar hannuna, ga baƙaƙen ɗigon nan har yau a bayan hannun hagu. Jikokin Iya Gambo dafaffiyar dawa suka ci ta yi har aka gama, kuma ba ta bar ni na manta ba har ta koma ga Allah. Ni da na guji taɓarya don gadin suna, tun daga ranar ba a sake kirana Tanko kawai ba, sai Tanko Ƙullu. Da aka mai da dutsen, Garba ya ce in hau in ɗaga allon. Na ɗaga, ruwan ya faɗa cikin giginya, na ji ƙasa ta farka a ƙarƙashin ƙafata.

Hanya ta bushe, gas ya dawo, kowa ya koma kasuwar Laraba, har da ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Garba ya rasu, 'ya'yansa suka tafi birni. Kafin mu baro Sudan, bayan Rakiya ma ta rasu, na bi ta wurin. Jinka ta faɗi, an ɗauke dutsen sama, na ƙasa mata na wanki a kansa. Na rarrafa cikin kogon da tsufana ina laluben farar tsakuwar, ban same ta ba. Ruwan dai yana nan yana faɗowa.

Jiya da na gama dariyata na leƙa kicin. Hauwa na zaune a ƙasa ta jingina da firij, tana murza wuyan hannunta, daidai yadda mai sunanta ke yi. Ta ce ba komai, za ta sauka ta sayo mana ruwan rake. A bayan ƙofa akwai ɗan turmin da take daka yaji. Na jawo shi tsakar ɗaki, na juye geron, na ɗauki taɓarya.

"Baba, me kake yi? Ɗaliban Kanon nan na ƙasa za su ji fa."

"Su ji."

Ban kai sau ashirin ba aka fara buga mana daɓe daga ƙasa da sandar tsintsiya. Na daidaita dakana da bugunsu, muka yi lugude. Gumi ya jiƙa mini riga, kafaɗa ta ce ba da ita ba, na ƙi saurara. Ana kiran magariba kunu na kan tabarma. Hauwa ta kurɓa, ta tauna, ta dube ni ta saman kofi.

"Akwai tsaki a ciki."

"Dakan farko ne, uwata. A yi mini uzuri."

Ta miƙo kofin in ƙara mata. Sai ga wuta ta dawo, kallat ɗin da ta manta ba ta kashe ba ya kama ihu a kicin, ba komai a cikinsa.